Hansai da Akwatin Amshi

A Unguwar Kanawa, idan aka ce Hansai mai ƙwarya ba a sake tambayar wace Hansai. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana kiɗan ƙwarya a gidajen biki da suna, daga nan unguwar har Unguwar Shanu, har Kawo da Badarawa. Su uku ne. Ita ke riƙe da uwar ƙwarya tana ba da waƙa, Ladidi na amshi da ƙaramar ƙwarya, Dije kuma na shantu da guɗa. Dije ba ta da matsala da kowa, in ban da cikinta ba ya riƙe magana. Ladidi kuwa murya Allah ya ba ta, irin wadda in ta kira jikanta daga tsakar gida, yaran layi uku ke amsawa.

Abin da ya raba su bai taka kara ya karya ba. A wani suna ne a Unguwar Shanu. Hansai tana tsaka da wasa kakar jariri, ta ja ƙarshen baiti tana lanƙwasa shi yadda ta saba, sai Ladidi ta faɗo da amshi kafin ta dire. Ba ranar ta fara ba. Amma ranar akwai baƙi daga Zariya, dangin mai jego, kuma Hansai ta so ta burge su. Sai ta ɗaga sandar kiɗi ta ce a gaban kowa:

"Ladidi, ki riƙa bari in gama mana. Ana korar ki ne?"

Ladidi ta ajiye sandunanta a hankali, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Shekara ashirin ina jiran ki gama, Hansai, har yau ba ki gama ba. Tunda ke kaɗai kika iya waƙa, sai ki riƙa yi wa kanki amshi."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, ko tuwon sunan ba ta tsaya ci ba. Duk wanda ya san Ladidi ya san wannan ba ƙaramin fushi ba ne.

Wata bakwai ba su yi wa juna magana ba. Dije ce ke zirga-zirga a tsakani, ta je can ta ce an ce, ta dawo nan ta ce an ce, kuma ita a ganinta sulhu take yi. Gayyatar biki dama ta ja baya, ko'ina yanzu DJ ake kira, har Dije takan ce an sace mata suna an kuma haɗa da sana'a. Ƙoren Hansai suka koma saman kwaba, gizo-gizo ya yi gida a cikin babbar.

Wata Laraba da hantsi rediyonta ya ƙi magana, sai ta naɗe shi a mayafi ta hau keke zuwa Kurmin Mashi, wurin ƙaninta Sagir. Sagir ya haura arba'in, kuma tun yana saurayi yake gyaran rediyo da lasifika a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya riƙe numfashi. Ta same shi ya sunkuya a kan wata waya, ga makirufo a tsaye a tsakar shagon, ga wani ɗan akwatin ƙarfe ja a ƙasa. Ba ta lura da shi ba ta taka.

"Sagir, wannan shagon naka kamar bola," ta ce, ta matsa don ta sami wurin tsayawa, ta sake taka abin.

Sai lasifikar da ke bayan kanta ta buɗe baki: "Sagir, wannan shagon naka kamar bola. Sagir, wannan shagon naka kamar bola."

"Innalillahi!" Hansai ta yi tsalle ta bangaji kwalin batura. Rediyon ya faɗi, kuma abin mamaki, faɗuwar ce ta sa ya fara magana.

Sagir ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, sau ɗaya ma ya ishe ni, yanzu kin sa inji yana taya ki."

Suna cikin haka mai akwatin ta iso. Na'ima sunanta, ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar gwamnati, ta ɗan saci jiki ne daga ofis don ta karɓi kayanta. Ta gaida Hansai har ƙasa, sannan ta yi mata bayani.

"Lufa ake ce masa, Mama. In kika taka sau ɗaya, sai ya ɗauki abin da kike yi. In kika sake takawa, sai ya yi ta maimaitawa. Daga nan ki ɗora wani a kai, ki ƙara ɗora wani, har ya zama kamar mutum biyar ne ke kiɗa, alhali ke kaɗai ce."

Hansai ta sunkuya ta dubi akwatin da kyau.

"Kina nufin," ta ce a hankali, "in ba da waƙa, in kuma yi wa kaina amshi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ba ya gajiya?"

"A'a."

"Ba ya fushi ya ɗauki mayafi?"

Na'ima ta kalli Sagir. Sagir ya ce, "Dogon labari ne."

Da Na'ima ta ji ko wace ce Hansai, sai ta manta da ofis ta zauna a kan wata tsohuwar lasifika. Ta ce ita da abokanta suna shirya wani taro shekara-shekara, na masu kiɗa da irin wannan akwati, kuma saura mako uku. Ƙa'idar ɗaya ce: mutum ɗaya ke hawa, kuma duk abin da za a ji sai a gaban jama'a za a yi shi, ba a zuwa da komai a naɗe daga gida.

"Bara duk samari ne da jita da masu kiɗa da baki," in ji ta. "Mun so a ce akwai na gida. Mama, in za ki zo, ki riƙe akwatin nan ki koya, ni ina da wani."

Hansai ta ce za ta yi shawara. Shawarar ba ta wuce lokacin da Sagir ya ɗauka yana naɗe wayoyin a leda ba.

Kwanakin farko sun yi wuya. Ita a zaune take kiɗa, a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, akwatin kuwa don masu tsayuwa aka yi shi. Sai da ta gano cewa da diddige za ta riƙa dannawa. Sannan akwatin ba ya zaɓe, duk abin da ya ji ɗauka yake. Ya ɗauki injin markaɗen maƙwabta. Ya ɗauki mai tallar kifi. Wata safiya ya ɗauki carar zakaranta, ita kuma ta tashi duba tukunya ta manta da shi, ya yi ta cara babu ƙaƙƙautawa har zakarun layin gaba ɗaya suka rikice suka shiga mayar da martani.

A mako na biyu hannu da diddige suka fara jituwa. Ta sa uwar ƙwarya, ta ɗora ƙarama, ta ɗora shantu, sannan ta rera amshi da bakinta ta rufe. Ɗakin ya cika da kiɗa kamar ranar ɗaurin aure. Ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta ba da baitin farko da dukan ƙarfinta, ta zo ƙarshe ta ja shi tana lanƙwasawa.

Amshi ya faɗo kafin ta dire.

Ta tsaya. Ta jira kiɗan ya zagayo, ta sake bayarwa. Amshi ya sake faɗowa a daidai wurin da Ladidi ke faɗowa, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Ta gwada na uku.

"Kai ma?" ta ce da akwatin.

Kafin azahar tana shagon Sagir da shi a leda. Ta ce ya lalace, sauri yake yi. Sagir ya haɗa wayoyi, ya ce ta yi a gabansa. Tana yi yana ƙwanƙwasa sukudireba a kan tebur yana ƙirga. Da ta gama sai ya sosa ƙeya.

"Yaya, akwatin nan ba ya sauri, ba ya nawa. Inda kika ajiye abu, nan za ki same shi. Ba shi da ƙawa, ba shi da abokiyar gaba."

"To wa ke da laifi?"

Sagir ya jawo wani rediyo da babu abin da ya same shi ya fara kwance shi. "Ni dai gyaran rediyo na koya."

Hansai ta zauna a kan tsohuwar lasifikar nan. Ta tuna sunaye da bukukuwa nawa ta harari Ladidi a gaban mutane, ta tuna yadda Ladidi kan ɗaga kafaɗa ta ci gaba da kiɗa. Daga ƙarshe ta miƙe ta ɗauki ledarta.

"In maganar nan ta kai kunnen Dije, ba ni ba kai."

Sauran kwanakin ta yi su ne tana koyon abin da ta ɗauka ta iya tun tana budurwa. Ta rage wa baitocinta wutsiya. Da farko ji ta yi kamar an aske mata kai, amma sai ta gano cewa lanƙwasar nan da take ƙauna tana iya zama a tsakiyar baiti, kuma a can ta fi daɗi. Ta kuma lura da wani abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Akwatin ba ya kuskure, amma ba ya kallon ƙofa. A da, in wata hajiya ta shigo gidan biki, kafin Hansai ta gan ta Ladidi ta riga ta sauya amshi ta sako sunanta. Wannan kuwa ko gwamna ne ya shigo, abin da ya faɗa ɗazu shi zai faɗa.

Wata Asabar, a harabar wata makaranta a Kurmin Mashi aka yi taron, daga bayan azahar zuwa kafin magariba. An kafa rumfa a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, an jera kujerun roba, an yi ɗan dandamali na katako wanda bai fi taku uku daga layin gaba ba. Samari da 'yan mata ne suka fi yawa, amma akwai ma'aikata da iyalansu, akwai dattawan unguwa da suka zo ganin ko mene ne, har da masu keke da suka ajiye a bakin ƙofa suka leƙo suka kasa komawa.

Hansai tana gefen dandamali da ƙorenta lokacin da ta hango su. Layin gaba, kujera ta tsakiya: Ladidi, cikin leshi ruwan goro, tana fifita da mahuci, Dije a gefenta. Dije ta ɗago hannu tana murmushi. Ladidi kuwa darbejiya take kallo kamar ba ta taɓa ganin itace ba. Daga baya Dije ta rantse cewa Ladidi ta ce rakiya kawai ta yo, amma ita Ladidin ce ta fara shiryawa tun ƙarfe sha ɗaya.

Wani dogon saurayi ne ya buɗe. Bai zo da komai ba sai bakinsa. Ya kama makirufo ya fara wani irin fuf-tis, fuf-tis.

"Wannan mura ke damunsa?" in ji Ladidi, kuma har bayan rumfa an ji.

Amma da yaron ya taka akwati, ya ɗora wani gurnani a kai, ya ɗora fito, ya ɗora waƙa, Hansai ta ga babban yatsan ƙafar Ladidi yana motsi a cikin takalmi.

Bayansa wani tela daga Unguwar Shanu ya hau da almakashi, da cokali, da kwalabe uku, da gurmi a rataye. Ya fara da almakashin, ƙyas, ƙyas-ƙyas, mutane suka yi dariya. Ya ɗora cokali a kan kwalba, dariyar ta ragu. Da ya sauke gurmin ya ɗora a saman su duka, wurin ya yi tsit. Wani dattijo da ke tsaye kusa da Hansai ya girgiza kai ya ce, "Ashe haka ake gina ta. Ni da na ɗauka a gine take zuwa."

Wata budurwa mai jita ta yi kuskure a tsakiya, ta goge komai, ta ce, "Ku yi haƙuri, zan sake." Aka tafa mata, ta sake, ta yi kyau, aka tafa fiye da na farko. Wannan ya tsaya wa Hansai a rai. A gidan biki rabin mutane ci suke, rabi suna duba zanen juna, kiɗa yana tafiya ta bayan kunnensu. A nan kowa ya zuba ido a kan hannu da ƙafar mai yi, suna jira su ga abin da zai ɗora.

Bayan an dawo daga sallar la'asar Na'ima ta kira sunanta. Aka shimfiɗa mata tabarma, Sagir ya sauko da makirufo daidai bakin ƙwarya, ya koma gefe. Ta yi bismilla, ta danna da diddige, ta buga uwar ƙwarya. Ta rufe. Sautin ya dawo ta manyan lasifika, mai kauri, har ana jin sa a ƙirji. Samarin da ke baya suka yi ihu. Ta ɗora ƙarama. Ta ɗauki shantu ta buga a cinya ta ɗora. Wasu mata a tsakiya suka fara rausaya. Komai ya zauna daram.

Saura amshi. Sagir ya ɗago makirufon zuwa bakinta. Ta danna, ta ja numfashi, ta ɗaga ido, sai suka haɗa ido da Ladidi. Abin da za ta rera ya gudu daga kanta. Wurin shiga ya zo ya wuce tana buɗe da baki.

Ladidi ta juya wajen Dije, ta kare baki da mahuci, ta yi abin da ita take kira raɗa.

"Ta makara!"

A firgice Hansai ta danna diddige ta rufe. Kiɗan ya zagayo: uwar ƙwarya, ƙarama, shantu, sannan muryar Ladidi tar ta cikin lasifika huɗu.

"Ta makara!"

Kuma a daidai kan kiɗa ta faɗa, cif, don Ladidi ko gulma za ta yi ba ta iya saɓa wa kiɗa.

Wurin ya fashe da dariya. Kiɗan ya sake zagayowa, muryar ta sake faɗa. Ladidi ta daskare da mahuci a baki. A gefe Sagir yana ta nuna wa Hansai da ƙafarsa cewa ta danne ta riƙe, abin da aka ɗora na ƙarshe zai goge. Ya koya mata wannan ya fi sau goma. Amma ta san in ta kuskure, duk abin da ta gina ne zai tafi. Ta kalli jama'a. Ta taɓa yin kiɗa a gidan da rumfa ta faɗo a kan uwar ango, ta taɓa yi a inda akuya ta shiga tsakiyar fili da tukunya a kai, kuma ba ta taɓa tsayawa ba. Sai ta gyara zama, ta jira kiɗan ya zo, ta ba da waƙa:

"Amarya na gaban madubi, motoci sun gaji da jira."

"Ta makara!" in ji lasifika.

Dariyar ta sauya launi.

"Tela ta ce mini Juma'a, ga Sallah har ta wuce."

"Ta makara!"

Telan Unguwar Shanu ya ɗaga almakashinsa sama yana rantsuwa ba shi ba ne.

"An ce wuta da safe, ga ƙanƙara ta zama ruwa."

Wannan karon ba lasifika kaɗai ta amsa ba, rumfar gaba ɗaya ce, har masu keke na bakin ƙofa.

Ladidi ta miƙe tsaye. "A fito mini da muryata!" ta ce. "Ban ba kowa aro ba!"

Ta tattare leshinta ta hau dandamali, katakon yana ƙara a ƙarƙashinta. Ta tsaya a kan Hansai, hannu a ƙugu. Hansai ba ta daina ba. Ta ɗaga kai ta dube ta, kiɗan ya zagayo, ta bayar:

"Hansai mai jan baiti, shekara ashirin tana ja."

"Ta makara!"

"Mai amshi na kan lokaci, mai ba da waƙa ce dai."

"Ta makara!"

Jama'a ba su san tarihin ba, dariyarsu kawai suke. Amma Dije ta sani. Ta miƙe ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsayen darbejiya.

Hannun Ladidi ya sauka daga ƙugu. "Me kika ce?"

"Kin ji ni," in ji Hansai, kuma makirufo ya kai maganar ko'ina. "Ba zan maimaita ba, ni ba akwati ba ce."

Ladidi ta buɗe baki za ta mayar da magana. Muryarta ta sake fitowa daga lasifika, ta juya ta saurara da kyau, ta yamutsa fuska.

"Haka muryata take? Kamar mai kiran awaki? A'a, wallahi ba za a bar ni a haka ba. Matsa."

Ta zauna a tabarmar, ta jawo ƙaramar ƙwarya gabanta, ta karɓe sanduna. Wani saurayi cikin masu shirya taron ya matso kusa da Na'ima yana nuna mata takarda, yana cewa ƙa'ida mutum ɗaya ne.

"Gaskiyarka," in ji Na'ima. "Je ka faɗa mata."

Saurayin ya dubi Ladidi, ya dubi takardarsa, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Yanzu da hankalinta ya dawo, Hansai ta danne ta riƙe, tsohuwar muryar ta goge, kiɗan ya rage. Ta nuna wa Ladidi makirufo da haɓa, ta danna. Ladidi ta rera kalmomin nan biyu dai, amma wannan karon da muryar biki, a buɗe, mai zaƙi, ta kuma ɗora ta biyu a sama da ita. Dije ba ta jira gayyata ba, tuni ta hau ta ɗauki shantunta. Suka yi ta yi. Ladidi ta hango wata mata tana shigowa da yara uku a makare, nan take ta nuna ta da sanda, rumfa ta juya ta amsa mata, matar ta rufe fuska tana dariya.

Can sai Hansai ta ce wa Sagir ya juya makirufon wajen jama'a. Ta ɗaga hannu, ta ƙirga musu da yatsu, ta danna. Mutum wajen ɗari biyu suka faɗa tare. Ta rufe, ta sa yatsa a baki alamar a yi shiru. Kiɗan ya zagayo, sai ga muryarsu duka ta fito, da ta dattijon nan da ya shiga a baya kaɗan, da ta wani jariri da ya tsala kuka a daidai wurin. Mutane suka yi ta nuna lasifika suna nuna kansu. Wani ma'aikaci mai babbar riga ya kama hannun matarsa yana cewa, "Kin ji ni? Ni ne mai kaurin nan!"

Da suka sauka, sai da suka yi kusan rabin awa kafin su kai bakin ƙofa. Dogon saurayin nan mai kiɗan baki ya durƙusa gaban Dije yana roƙon ta nuna masa yadda ake riƙe shantu. Budurwa mai jita ta karɓi lambar Hansai, ta ce akwai bikin yayarta bayan wata biyu, kuma ba ta son DJ. Na'ima ta ce akwatin ya zauna a wurin Hansai tukuna, sai ta neme shi.

A keke ɗaya suka koma, su uku a baya, ƙore a kan cinya. Suka yi ta tafiya har suka wuce gadar sama. Sannan Ladidi ta ce, tana kallon titi:

"Ban ce na huce ba fa. Ina dai dubawa."

"Duba a hankali," in ji Hansai.

"Kuma baiti na uku kin ɗan ja."

"Na sani."

Ladidi ta juyo ta dube ta sosai, don ba ta taɓa jin wannan kalmar daga bakin Hansai ba. Sai ta ce wa mai keke ya rage gudu, ba kaya ya ɗauko ba.

Ranar Talata da hantsi Hansai ta ji ana gungura wani abu mai nauyi a zaure. Ta leƙa, sai ga Ladidi tana turo turmi, taɓarya a hammata, ƙullin gero a ka.

"Baɗi ni ma zan hau," in ji Ladidi tana haki. "Ni kaɗai. Kowa ya zo da jita da almakashi, ba wanda ya zo da lugude. Fito da abin ki nuna mini inda ake takawa."

"To geron na mene ne?"

"Kin taɓa ganin na daka turmi babu komai? Mutane su ce na haukace?"

Suka kafa turmin a tsakar gida, Hansai ta jawo waya ta taga. Aiki ya ƙi. In Ladidi ta tuna da ƙafa sai ta manta da taɓarya, in ta tuna da taɓarya sai ta take akwatin kamar ta ga kunama, Hansai tana ihun ta yi a hankali kayan mutane ne. Suka yi musu, suka sake, suka kuma yin musu. Har aka kira azahar ba su sami zagaye ɗaya mai kyau ba, amma geron ya daku lilis, sai suka tankaɗe suka dama fura, ta ishi gida biyu har aka aika wa Sagir a shago.